Igiyar Baba a bakin ƙorama

Shekarun baya, da na gama jami'a na fara zama a Yamai, na haɗa wata ƙaramar jaka da ba na rabuwa da ita: tocila, ashana, wuƙa, maganin ciwon kai. Ni mutum ne mai yawan “idan fa”. Igiya kawai ta rage. Na saya ta roba, shuɗiya, amma hankalina bai kwanta ba.

Da na je gida Filinge na nuna wa mahaifina. Ya tsoma ta a ruwa, ya ce in riƙe gam, ya fizge. Ta zame daga hannuna. Ya zauna ya tufka mini ta kaba, ya yi mata ƙulli kowane kamu, irin na igiyar guga. Ta cika rabin jakar. Ƙanwata ta yi ta dariya: “Yaya, rijiya za ka gina a birni?”

Da damina likita ya tura ƙanwar nan tawa Yamai a duba cikinta, wanda ya tsufa. Ni na raka ta. Kafin garin Baleyara muka tarar ƙorama ta yanke hanya, motocin Yamai suna jira a ƙetare. Ruwan bai wuce ƙugu ba, ina jin, amma yana da ja. Ta dube shi, ta dafa ciki, ta ce ba za ta iya ba.

Na ɗaura igiyar a gindin wata aduwa. Wani makiyayi ya karɓi ɗaya bakin ya ƙetara, ya naɗe a kafaɗa. Kabar ta sha ruwa, ƙullin suka ƙara tauri. Ƙanwata ta shiga ina bayanta, tana kama ƙulli tana sakin ƙulli, har ƙafarta ta taka tudu. “Rijiyarka ta yi amfani,” ta ce, tana haki.

Mata da yawa na jira a bayanmu, sai na bar musu igiyar. Na daɗe ina fargabar gaya wa Baba. Da ya ji, cewa ya yi, “Su nawa suka ƙetare?” Na ce ban ƙirga ba. Ya miƙa hannu ya jawo damin kaba.

Ba zan ce kaba ta fi roba a komai ba, ban sani ba. Amma har yau kafin in sayi igiya sai na jiƙa ta. Ɗiyar da ƙanwata ta haifa kuwa, da igiyar da Baba ya sake tufkawa take tsalle a tsakar gida.