Ranar da Jirgi Ya Zaunar da Baba Kusa da Surukarsa

Tun da na yi wayo ban taɓa ganin Baba da Iya a ɗaki ɗaya ba. Iya kakata ce, mahaifiyar Ummanmu, kuma a Auyo take zaune, kusa da fadamar shinkafarta. Idan ta zo mana Hadejia, daga zaure Baba yake gaishe ta, a tsugune, takalmansa a gefe, yana kallon bango. Ita kuma ta amsa daga ƙuryar ɗaki tana kallon tabarma. Ni ne ɗan aiken da ke tsakaninsu. Baba ya ce a tambayi Hajiya ya ruwa, in ruga ciki in ce Baba ya ce ta yi ƙiba, in sha dundu, in dawo in ce ta ce ruwa ya yi gyara. Akwai ranar da Baba ya hango ta tafe a hanyar kasuwar kifi, ya juya babur ya bi ta bayan gari. A yadda nake ba da labarin, sai da ya kai Kaugama kafin ya samu hanyar dawowa gida.

Ni kuwa babu kunya tsakanina da ita, don matata ce, kamar yadda kowace kaka take matar jikanta. Ina kiranta amarya, tana kirana mai gida marar cefane.

Shekarar da na shiga aji huɗu na sakandare Yayarmu ta haihu a Masar, inda mijinta yake karatun likita. Yaya ce 'yar fari, a hannun Iya ta tashi, don haka babu wata gardama a kan wadda za ta je kula da mai jego. Baba zai raka ta domin shi kaɗai ya taɓa hawa jirgi a gidanmu, lokacin da ya je aikin hajji. Ni kuma aka ce in bi su saboda Turancina, wanda a lokacin bai wuce na roƙon malami ya bar ni in fita ba. Baba ya nemo tikitin da ya fi kowanne araha, ya dawo gida yana ta yabon kansa.

Damina ce, ruwa ya shanye hanyar ƙauyen. Da kwalekwale aka fito da Iya, sannan babur, ta kwana a wurinmu. Da za mu tafi Umma ta ja ni gefe ta murɗe mini kunne. Ta ce Iya tana shan ƙwayar ciwon suga, kuma idan ta sha ba ta ci abinci ba, jiri ne ke kwasarta, har ta taɓa faɗuwa a gona aka ɗauko ta ba ta san inda take ba. Ta ce aikina ke nan, in tabbatar ta ci. Na ce ai mai gida ba ya barin amaryarsa da yunwa. Ta sake murɗe ɗaya kunnen.

A motar da ta kai mu Kano, Baba yana gaba kusa da direba, Iya tana can baya ta lulluɓe. Ba ta sa komai a baki ba, ni ma ban matsa ba, don na san ko tuwon aljanna aka kawo ba za ta tauna ba alhali ƙeyar surukinta tana gabanta. Na bari sai filin jirgi, ta shiga masallacin mata ta ci a natse.

Abin da ban sani ba shi ne jirgi mai araha yana da sikeli, sikelin kuma ba shi da imani. Iya ta taho wa mai jego da bandar kifi da kanwa da daddawa da gero da yajin jego, kaya dai irin wanda zai riƙe ƙaramin ƙauye har kaka. Aka ce ya yi nauyi. Muka baje a ƙasa muna zaɓe, tana mayar da duk abin da na cire, filin jirgin nan kaf ya ɗauki ƙamshin Hadejia. Kafin mu gama an fara kiran shiga. A guje Iya ta jefa ƙwayarta a baki ta kora da ruwa, ta ce ai ta ji labari a jirgi har kaza ake rabawa.

Muna shiga aka karɓe jakar guzurinmu aka cusa a wani akwati can sama, nesa da mu. Sannan ma'aikaciyar jirgi ta duba takardunmu ta nuna mana wurin zama. Iya a jikin taga. Baba a kujerar da ke manne da tata. A bakin hanya wani Balarabe mai tumbi. Ni kuma a layin da ke bayansu, daidai bayan Baba.

Baba ya tsaya ƙyam a tsakiyar hanya, mutane suka taru a bayansa kamar layin mai. Ya ce in gaya wa yarinyar nan an yi kuskure. Na tattaro Turancina na ce mata wannan baban matar ne, na gyara na ce matar babar ce, na sake gyarawa har na aurar da su ga juna ban sani ba. Ta yi murmushi ta ce ai shi ya sa aka haɗa su, kowa ya zauna a lambarsa, idan an tashi fitilar ɗamara ta mutu sai mu canza yadda muke so.

Kujerun jirgin nan an yi su ne don 'yan tsana. Duk da haka Baba da Iya suka samar da fili a tsakaninsu wanda akuya za ta iya wucewa. Iya ta manne da taga har na ji tsoron za ta fita ta can. Baba ya kwanta a jikin Balaraben kamar sun shekara goma da sabo. Hannun kujerar da ke tsakaninsu kuwa babu wanda ya taɓa shi. Ni ina baya, na sa ido a tsagin kujeru, dariya tana neman kashe ni. Wata Hajiya 'yar kasuwa da ke gefena ta leƙa, ta gane abin da ake ciki, ta toshe baki da mayafi.

Da muka tashi, jim kaɗan sai ga ƙasarmu a ƙasa. Ban taɓa sanin haka take ba. Kogin ya bar hanyarsa ya bazu ko'ina, ruwa yana ƙyalli tsakanin koren shinkafa, garuruwa sun zama 'yan tsibirai. Na raɗa wa Iya ta tsagin kujera cewa ga Auyo can, ga ma wani yana satar mata shinkafa. Ba ta juyo ba, amma na ji ta ce a hankali, wai ta gane bishiyar tsamiyar bakin gonarta. Har yau ban ƙaryata ta ba.

Daga nan muka shiga hadari. Jirgi ya fara gargada kamar motar itace a hanyar Miga, fitilar ɗamara ta ƙi mutuwa, ma'aikatan ma suka zauna suka ɗaure kansu. Hajiyar da ke gefena ta ce in daina jiran kaza, a wannan jirgin ko ruwa sai an saya, shi ma sai an daina girgiza. Na laluba aljihuna, na tuna biskit ɗin da Umma ta ba ni saboda Iya na cinye shi tun a Kano, don in ɗanɗana mata.

Sai na ga hannun Iya. Ta riƙe bakin mayafinta, hannun yana rawa, kuma ba rawar jirgi ba ce. Gumi ya jiƙa mata wuya alhali sanyi ake busawa. Na daina dariya. Na matsa bakina jikin tsagin na ce, "Amarya, jirin ne?"

"Rufe mini baki, marar cefane. Lafiyata ƙalau."

Muryar ba tata ba ce. Na kwance ɗamara zan tashi in ɗauko jakar guzuri, ma'aikaciyar ta daka mini tsawa daga inda take zaune, jirgin ma ya taya ta, ya maka ni a kujera. Hajiyar ta zazzage jakarta, babu komai sai goro da turare. Kuma ko da na samo abincin, na san inda matsalar take. Iya za ta gwammace a sauke ta a Masar a kan gadon marasa lafiya da a ce surukinta ya ji ƙarar taunarta.

Ashe Baba yana gani. Ta yaya ya gani, shi da ya juya mata ƙeya tun Kano, wannan ban sani ba. Na dai ga ya sa hannu a aljihun babbar rigarsa ya fito da ƙullin dabinon da ba ya rabuwa da shi. Ya riƙe shi a hannu. Ba zai miƙa mata ba, ba zai yi mata magana ba, ɗan aikensu kuma yana ɗaure a baya. Sai ya ajiye ƙullin a kan hannun kujerar nan da ke tsakaninsu, ya juya ya dubi Balaraben ido cikin ido, ya ce da Hausa, da ladabi:

"A ce da Hajiya ga dabino nan. A ce mata ni barci zan yi, kuma barcina nauyi gare shi."

Balaraben ya zaro ido, ya dubi Baba, ya dubi dabino, ya gyaɗa kai ya ce na'am.

Iya ta dubi taga ta ce da gajimare, "A ce an gode. Allah Ya yi albarka."

Baba ya kama hannun babbar rigarsa ya yafa a ka, ya rufe fuska ruf, ya fara minshari. Mu da muka tashi a gidansa mun san Baba ba ya minshari, kuma da jin wannan ka san na koyo ne. Yana ja kamar injin ban ruwa da ya sha iska, ya tsaya, ya tuna, ya sake ja. Hajiyar gefena ta kifa kai a gwiwa, kafaɗunta suna rawa. Ni kuwa idona yana kan ƙullin. An daɗe. Sannan wasu yatsu biyu suka fito daga cikin mayafi suka ja shi a hankali.

Ta ci a ƙarƙashin mayafi, tana daidaita taunarta da minsharin. Idan ya ja ta tauna, idan ya tsaya ta tsaya. Balaraben, wanda zuwa lokacin ya fahimci ko dai tsohuwar ba ta da lafiya ko dukkanmu ba mu da ita, ya miƙo mata gorar ruwansa ta saman kan Baba. Kaɗan-kaɗan hannun ya daina rawa. Da na sake kiranta amarya ta ce idan muka sauka sai ta sake ni, na san ta dawo.

Can fitilar ɗamara ta mutu. Na kwance zan tashi Baba mu canza wuri, sai na lura minsharin ya daina. Mutumin da ya tashi tun kafin asuba, ya yi ɗawainiyar mota da kaya da sikeli, ya shiga cikin riga mai ɗumi ya rufe ido, barcin ƙarya ya zama na gaskiya. Jikinsa ya saki, ya bar Balaraben, ya tafi a hankali ta ɗaya gefen, har kansa ya sauka a kafaɗar Iya.

Na miƙa hannu zan taɓa shi. Iya ta kama yatsana ta tsagin kujera ta matse.

"Bar shi. Ya gaji. In ka tashe shi a haka, ina zai sa fuskarsa?"

Haka ta zauna har muka ƙetare hamada, tsohuwar da ko tabarma ba ta zama a kai minti biyar ba ta ce bayanta ba. Ba ta motsa ba, ba ta je bayan gida ba, ko tari ta ƙi yi. Wani lokaci rigar ta zame, na ga ta ja masa ita da yatsa ta rufe. Da aka ce za mu sauka, ta sa gwiwar hannu ta tura shi kaɗan-kaɗan har ya koma kan Balaraben, sannan ta manne da tagarta. Tayoyi suna taɓa ƙasa Baba ya farka, ya ba Balaraben haƙuri, ya waiwayo ya tambaye ni da ido ko an ci. Na gyaɗa kai.

A gidan Yaya, tana dama kunun kanwa, Iya ta ce in na kuskura na faɗa wa wani cewa Baba ya yi barci a kafaɗarta, ko bayan ranta ne, sai ta zo mini a mafarki da muciya. Na ba da labarin jirgin nan a Hadejia da Auyo ya fi a ƙirga. Na ƙara wa Balaraben tumbi, na ce minsharin Baba har matuƙi ya ji ya zaci inji ne ya lalace. Amma kullum a dabino nake tsayawa.

Bara da kaka Iya ta rasu, ana tsakar yankan shinkafa. Bayan an share makoki, mutane sun watse, muna zaune ni da Baba a ƙofar gidanta da hantsi, sai na ga gara in sha muciyar Iya a mafarki da in ci gaba da ɓoye masa. Na faɗa masa duka, ban ƙara ko gishiri ba, karo na farko a rayuwata.

Ya daɗe yana kallon fadama. Sannan ya ce, "Ƙaryarka ce ta kullum."

Na ce wallahi Baba.

Ya miƙe. Ya ɗauki buta ya zagaya bayan gida, wai zai yi alwala, alhali azahar da sauran nisa.