Jijiyar da Aka Ciro Daga Ƙafar Baba

Shekara goma sha ɗaya kafin rasuwarsa aka yi wa Baba aikin zuciya a ƙasar waje. Sun yanko jijiya daga ƙafarsa suka dasa masa a ƙirji, don jini ya kewaye hanyar da ta toshe. Ya dawo gidanmu na unguwar Muchia a Sabon Gari yana tsokanar Mama, wai yanzu da ƙafa yake son ta.

Ni a Samaru nake koyarwa, tsakanina da Sabon Gari hawan keke ɗaya ne, amma waya nake bugawa. Kullum in ce, "Baba, yaya jiki?" ya ce, "Da sauƙi, mun gode Allah." Na san halin mutanenmu sarai, ko an ɗauko mutum ranga-ranga haka zai ce. Duk da haka na yarda, domin amsar ta hutar da ni zirga-zirga.

A kasuwar Sabon Gari wata 'yar zumuntar mata ta cocinmu ta tare ni. "'Yata, me ke damun babanki? Wata biyar bai kaɗa ƙararrawar coci ba. Wai igiyar ta yi masa nauyi." Mutumin da ya shekara talatin yana jan igiyar nan! Ashe Mama ta sani, shi ya hana ta faɗa mini, kada hankalina ya tashi.

Washegari na kai shi asibiti. Bayan gwaje-gwaje likita ya ja ni gefe. Ya ce jijiyar da aka dasa ta ƙandare, ta cushe kamar tsohon bututun ruwa. Akwai sabuwar dabara: a zura 'yar balan-balan ta cikin jijiyar, ta riƙa sakin girgiza har taurin ya farfashe, yadda ake fasa tsakuwar ƙoda. Har na fara tunanin fasfo, a sake fita da shi waje. Sai ya ce ko an buɗe hanyar yanzu, naman zuciyar da take shayarwa ya riga ya mutu.

"Da dai kun zo da wuri, Malama."

A hanyar gida Baba ya tambaye ni abin da likita ya ce. Na ce a ci gaba da shan magani kawai. Ya daɗe yana kallona.

"To madalla. Ki koma Samaru, ɗalibanki suna jarrabawa."

Na koma, kuma har yau ban yafe wa kaina ba. Ranar Alhamis ina raba takardu a aji Mama ta kira sau uku. Ban ɗauka ba sai da aka tashi, lokacin Baba ya riga ya cika.