Ranar da Kaka Ta Sayo Albasa

A ajinmu na mutawassiɗa, wato ƙaramar sakandare, a Madina ni kaɗai ce baƙa, don haka duk abin da ya yi nauyi nawa ne. Za a ja tebur, sai abla, malamarmu, ta waiwayo: “Ya Takruniya, ta'ali, zo nan, ku 'yan Afirka ai ƙarfi gare ku.” Tsaka ta faɗo daga silin, 'yan mata su haye benci suna ihu, a miƙo mini takalmi. Ni kuwa duk ajin ba wadda ta kai ni tsoronta.

Ina shekara sha huɗu abin ya fara cina. Barci ya ƙaurace mini, ƙirjina kamar an ɗora turmi, shinkafar buhari ma da nake so sai in yi ta juya ta da cokali. Na gaya wa Umma.

“Kakarki da ƙafa ta zo daga Kano,” in ji ta, “ke tebur ne zai kayar da ke? Mu ba ma kuka, ya binti.”

Kaka, mahaifiyar Umma, tana gefe tana tsintar dabinon da take sayar wa alhazai a Uhudu. Washegari da Umma ta tafi unguwar Sultana ɗinki, sai ga Kaka da buhun albasa da wuƙaƙe biyu.

“Zauna ki yanka. Wanda ya tambaya, albasa ce.”

Ban gama ta uku ba na ɓarke da kuka. Na faɗa mata komai, har da sunan da ake kirana da shi a bayan aji.

“Ƙafar dai gaskiya ce,” ta ce tana jan majina. “Amma tun daga Chadi nake kuka har bakin teku. Kakanki ya yi rantsuwa jakinmu saboda ni ya gudu. Uwarki tana goye, ina ta sani?”

Dariya ta haɗu mini da kuka har na shaƙe.

Umma ta dawo ta tarar da mu idanu jawur, ga baho cike da yankakkiyar albasa.

“Walima za a yi?”

“Yarinyar nan ba ta da lafiya,” in ji Kaka, “kuma ba aljanu ba ne. Zauna ki ji.”

Umma ta zauna da abayarta a jiki. Ba ranar na warke ba, ya ɗauki watanni, amma ta daina ce mini ba ma kuka. Baba kuwa da ya ga albasa har a cikin ful, waken da muke karin kumallo da shi, sai ya tambaya a hankali ko wani laifi ya yi.