Kwandasta Ta Isa

Babanmu mai gyaran keke ne, kuma ni ce autarsa. Tun kafin a haife ni yake zaune a rumfarsa ta kwano a kwanar titi, da famfo, da bokitin ruwan da yake tsoma tiyub ya nemo huji, da gwangwanin madara cike da noti. Mutum ne da abinci ba ya wuce masa sai yana kallon jama'a suna wucewa. Ko zazzaɓi ne ya kayar da shi, a kan bencin rumfa yake jinyarsa, yana tsokanar kafinta, yana yi wa mai walda ba'ar sanƙo.

A rumfar nan wata kyanwa ta tsince shi. Baƙa ce mai farin wuya, ga rainin wayo. Ya sa mata suna Kwandasta, wai don babu shagon da ba ta tsayawa ta karɓi rabonta.

Sai ciwo ya shanye masa ɓarin dama. Yayanmu, babban ɗansa, ya ɗauke shi ya kai gidansa, hawa na biyu, ɗaki mai tayil da fanka da talabijin. Ba zan yi masa ƙarya ba, magani bai taɓa yankewa ba. Amma saukowa ƙasa? Haram! Matakala ta yi tsayi, in ji shi, wa zai ɗauki Baba, in ya suɓuce fa? Na taɓa kwaso maƙwabta majiya ƙarfi don su sauko da shi ya sha iska. Yaya ya tare ƙofa, ya sallame su da godiya, ni kuma ya wanke ni tas.

Abin da ya rage wa Baba shi ne taga, da kyanwar da ya ƙi tahowa sai da ita. Kwandasta takan fita ta tagar, ta dira kan rufin gareji, ta bi katanga ta ɓace. Rumfar ba ta da nisa, titi biyu ne. In ta dawo da la'asar sai ta haye cinyarsa, shi kuma ya bi jikinta da hannun hagu.

"Auta, zo ki gani," yake ce mini da harshensa da ya yi nauyi. "Garin katako. Kafinta ya samu aiki, yau matarsa za ta yi dariya."

Wata rana ƙarnin nama ne, wato mahauci ya dawo daga tafiya. Wata rana baƙin mai a tafin ƙafa, wato ta leƙa rumfa. Sai ya yi ta shinshina ƙafar kyanwa yana murmushi da rabin baki. Duk labarin unguwarsa a gashinta yake samu.

Ana nan mota ta take kyanwar maƙwabta. Likitan dabbobi ya ce wa Yaya kyanwar da ke zaman ɗaki ta fi tsawon rai, ba mota, ba karnuka, ba cuta. Shi ke nan, kamar jira yake. Na zo na tarar an buga raga a tagar, an bi ta da ƙusoshi kamar ana tsoron ɓarawo.

Na same shi a falo. "Yaya, mene ne wannan?"

"Tsare ta na yi," ya ce, ko kallona bai yi ba. "Kamar yadda nake tsare Baba."

"Wace tsarewar? Akwai wadda uwa take yi wa ɗanta, akwai wadda ake yi a ofishin 'yan sanda. Wacce kake nufi?"

"Ke dai ba ki da kunya. In mota ta take ta, ke za ki gaya masa?"

"Ka tambaye shi kafin ka buga?"

Bai tambaye shi ba. Wa yake tambayar Baba wani abu a gidan nan? Abin da ya fi ƙona mini rai, Yaya ba mugu ba ne. Da mugu ne da na san yadda zan yi da shi. Shi har zuciyarsa gani yake alheri yake yi, duk ta inda ka ɓullo masa sai ya ce lafiyarsu yake nema.

Kwandasta ta yi ta kuka tana yaƙushin raga, daga baya ta gaji ta koma ƙarƙashin gado. An saya mata kwano mai kyau da abincin gwangwani. Ta yi ƙiba, gashinta ya yi sheƙi, ba ya ƙamshin komai sai sabulu. Baba ya shafa ta, ya kai hannu hanci, ya sauke. Daga nan maganarsa ta ragu. In na ce, "Baba, ya jiki?" sai ya ce, "Ga mu nan, a tsare."

Ashe akwai tsohuwar filayarsa a aljihun rigar da ya zo da ita. Mutumin da cokali ke faɗuwa daga hannunsa, shi ya ja kujera zuwa taga, yana tsinka waya ɗaya yau, ɗaya gobe, labule yana rufa masa asiri. Da hujin ya isa, ya ɗora kyanwar a bakin taga ya tura ta.

Ba ta dawo ba. Kashegari kafinta ya hawo benen da kansa, yana ta murza hannu. Babur ne ya buge ta.

Yaya ya juyo kaina, idonsa jawur. "Kin gani? Kin ga abin da nake faɗa?"

Baba bai kula shi ba. Kafinta ya kalla. "A ina?"

"Daidai bakin rumfarka."

Ya gyaɗa kai. "To. Ita kam ta isa."

Na zuba wa Yaya ido ko maganar za ta shige shi. Da yamma ya kira mai gyara, aka sake buga sabuwar raga, wai saboda sauro.

Baba bai daɗe ba bayan nan. Ranar da ya rasu, kafinta da mai walda da mahauci suka hawo, Yaya ya kama gefe guda, suka ɗauke shi cak. Ina tsaye a bakin ƙofa ina kallo suka sauka da shi matakalar nan, a hankali, babu wanda ya yi ko tuntuɓe. Ashe ana iya saukowa da shi.