Mai Ido da Sandar Auna Zafi

Mijina zubin tukwanen alminiyam yake yi a rumfar bayan gidanmu tun kafin ya auro ni. Mai Ido ake ce masa, don kallo ɗaya yake yi wa narkakken ƙarfe ya ce a zuba ko a dakata. Ko shayi na miƙa masa sai ya fara gaya min zafinsa, kamar na tambaye shi.

Sai tukwane suka fara dawowa. Ƙarfe in ya yi zafi fiye da kima, ƙananan huji yake fitarwa, tukunya ta riƙa yoyo. Mata suka yi ta sallama a rumfa da tukwane a ka. Malam ya ce laifin gawayi ne. Da aka sauya gawayi, laifin ya koma kan yashin da ake zubin a ciki, daga nan kan mutanen zamani. Idonsa dai, wanda yanar ido ta fara rufewa har yake gaishe da turmi a tsakar gida, lafiyarsa ƙalau.

Babban ɗanmu ya sayo masa ma'auni, wata sanda da ake tsomawa a ƙarfen, lambar zafinsa ta fito. Ya ce kada a bari ta wuce ɗari bakwai da hamsin.

"Ni za a kawo wa sanda? Makaho aka ce maka ni ne?"

Ya rataye ta a ƙusa. Masu sari kuwa suka fara komawa wurin wani. Hankalina ya tashi, don in aka raba mutumin nan da rumfa an gama da shi.

Wata safiya na kai masa ruwa, na tarar ya tsoma sandar, ya kai lambar har bakin hanci yana ƙifta ido. Da ya ji motsina sai ya yi tsaki.

"Ke, zo ki ga ƙaryar da abin nan yake shararawa. Nawa ma ya ce?"

"Ɗari takwas da saba'in, Malam."

"Kin ji shirme!"

Ya janye gawayi, ya jira, ya sake kira na in ga wata ƙaryar. Tukwanen ranar ko ɗaya ba ta yi yoyo ba.

Yanzu kowane zubi sai na ajiye aikina na je na ga ƙarya. Jiya ya miƙo min abin a kife, lambar tana kallon ƙasa. Tausayi ya kama ni. Na juya masa hannu a hankali, na karanta.