Dutsen da Ke Cin Durom

Sallar asuba a tashar Hunkuyi muka yi ta, ni da maƙwabcina, muna jiran motar da ta sami mai. Iya ce ta aike ni in gano mata ƙanena. Tun da taki ya gagari talaka ya bar gona, ya kwashi iyalinsa zuwa haƙar kuza a dajin bayan Ikara.

Kafin Makarfi sojoji suka sauke mu. Ina ta laluben takardar harajina, ashe kajin wani fasinja suke so. A Makarfi rake muka sha, don ƙosai ya ƙanƙance kamar shi ma an rage masa albashi.

Daga Ikara sai a ƙafa. Mun iske ƙanena ya rame, yana tari, faratansa sun zaizaye. Yaransa suka zo gaishe ni, haƙoransu duk sun yi ja kamar na tsohon maci goro. Ya nuna mini aikinsu. Ruwan batir suke zuba wa kuzar a durom don ta yi tsabta, yadda suka ga ana yi a wani wuri. Amma tasu tana haɗe da wani dutse mai ruwan shuni. Da ruwan batir ya taɓa shi sai hayaƙi ya tashi mai shaƙe maƙogwaro. Durom ya huje, kwalbar da ke gefe ma ta dushe.

Muna nan sai mai sayen kuzar, wani dattijo daga kudancin Kaduna, ya zo ya duba, ya ƙi kayan.

"Wani sinadari mai guba ne a dutsen nan, fuloraid," in ji shi. "Yana cinye tankin kamfanin da ke narka kuza, ƙarfen kuma ba ya fita da kyau. Ɗan'uwa, daga ina kuke shan ruwa?"

Ƙanena ya nuna rijiyar da ke gindin ramin haƙar. Sai na sake duban jajayen haƙoran yaran, na gane gubar ta shiga ruwan.

Na roƙi ƙanena mu tafi tare.

"Yaya, in koma in ci me?"

Da ƙyar ya ba ni matarsa da yaran. Muka iso gida da magariba. Iya ta leƙa bayana tana neman ɗanta, na kasa haɗa ido da ita.

Na taso ina tsoron bindigar soja. Tafiyar nan ta nuna mini abin da ke cin mutum ba ƙara. Ƙanena yana can, kuma gobe ma daga rijiyar nan zai sha.