Ranar haihuwar da ba tawa ba

Ni dai an haife ni da kaka, ana yankan gero. Haka uwata ta faɗa mini, kuma ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. Amma da za a yi mini fasfo, ɗana ya sa aka rubuta ɗaya ga Janairu, wai haka ake yi wa duk tsohon da ba shi da takarda. Ba ni nake karantawa ba.

A Manchester nake zaune, a gidan ɗan nawa. Kusa da mu akwai wani ɗaki da majalisar gari ta bai wa tsofaffi, mai ɗumi, inda muke haɗuwa mu sha shayi. A shekarun da gwamnati ta tsuke hannu, aka ce za a rufe shi. Wata mata ta tsaya takarar kansila, ta zo ta zauna cikinmu, ta ce za ta hana. Na kama hannunta na ce ƙuri'ata tata ce.

Ana nan, ana nan, sai 'yata ta haihu a Birmingham, can Perry Barr, zaɓe kuma ya matso. Wa zai yi mata wankan jego in ba ni ba? Ɗana ya ce babu damuwa, ana jefa ƙuri'a ta gidan waya. Sai dai an sauya doka. A da maigida ke rubuta duk mutanen gidansa a rajistar zaɓe, yanzu kowa da kansa. Muka yi ta fama, na zana ɗan zanen da nake yi a madadin sa hannu, ya cike sauran, na hau mota.

Ambulan ɗin ƙuri'ar ya same ni a Birmingham hannuna na cikin ruwan zafi. 'Yata ta karanta mini: a sa hannu, a rubuta ranar haihuwa, a tabbatar gaskiya ce.

Na ce, "Gaskiya suka ce?"

Ta ce, "Eh, Mama."

"To rubuta kaka."

"Mama, babu wata mai suna kaka."

"Wane wata ake yankan gero?"

Mijinta ya leƙo daga kicin yana dariya. "Mama, ku bar musu Janairunsu. Na'ura ce ke dubawa, ba ta san gero ba."

Na ce masa da furfurata ba zan rantse a kan ranar da ko iri ba a shuka ba. 'Yata ta yi ajiyar zuciya, ta rubuta Oktoba.

Bayan zaɓe saƙo ya zo: ba a ƙirga ƙuri'ata ba, ranakun ba su zo ɗaya ba. Na sa ɗana a gaba har ofishin majalisar gari. Yarinyar da ke teburin ta ce ba su suka yi dokar ba, majalisar Landan ce. Na ce ɗakinmu fa? Ta ce rufewar tasu ce, amma Landan ce ta rage musu abin kashewa. A mota ɗana da surukina suka ɗora gardama ta waya, wannan ya ce ikon na Landan ne, wancan ya ce na gari ne, har muka iso gida ba su gama ba. Kai! A garinmu in an yi doka ka san ƙofar da za ka je ka yi sallama.

Matar nan mai takarar kansila ta faɗi zaɓe. An rufe ɗakin. Da muka haɗu a tashar bas ta yi mini godiya, na sunkuyar da kai, na ce mata ƙuri'ar ba ta iso ba.

Da wani zaɓen ya zo na ce a cire ni daga na gidan waya. Na ɗauki sandata, ruwa na zuba, na taka da ƙafata har rumfar zaɓe. Suka tambayi sunana da gidanmu, suka miƙo takarda. Ba wanda ya tambaye ni yaushe aka haife ni, sai na faɗa musu da kaina: da kaka ne, ana yankan gero.